Ingilishin Jikan Inna

Ni dai ban taɓa tallar Ingilishina ba, Allah shi ne shaida. A Katsina na yi ƙuruciya, hannun gwaggota, a can na tsince shi. Da na dawo Tasawa na sake karatu da Faransanci har na zama madam mai koyarwa a lakwal, sai na ninke shi na tura ƙasan akwati. Wata rana a gidan suna aka miƙo kwalin wani magani da aka sayo daga Najeriya, kowa ya jujjuya shi ya kasa, ni kuma da rawar kai na karanta masu yadda ake sha. Shi ke nan na jawo wa kaina. Mako bai zagayo ba matar wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, ta turo mini yaranta biyu, wai in riƙa yi masu kur, wato ƙarin darasi, a gida. Bayansu ɗan mai kantin siminti, bayansa ɗiyar wani ma'aikacin asibiti. Wasu suna so yaro ya riga tsaransa kafin a shiga koleji, wasu don ya karanta masu jikin kwalin kaya, wasu kuwa ba su da wani dalili sai don maƙwabci ya kawo nasa.

Da safe ina tsaye gaban ajin da yara suka fi ƙarfin benci, wasu a ƙasa kan buhu, ina ihu da Faransanci har murya ta dushe. Laraba da yamma, da Asabar da Lahadi, lokacin da sauran malamai ke wanki ko kitso ko barcinsu, ni ina ƙarƙashin itacen bedin tsakar gidana da wani tsohon tabulo, baƙin allon nan na aji, ina nuna hoton kare ina tambayar sunansa. Yaron da bai gama gane Faransanci ba an ɗora mishi yare na uku. Ka tambaye shi da Ingilishi ya ba ka amsa da Faransanci, ka harare shi ya koma Hausa. Alli a hijabina, alli a tuwona. Kullum sai na ce daga wannan watan na daina, kullum kuma sai wata uwa ta zo ta durƙusa mini.

Wata Asabar salulata ta yi ƙara, na ga lambar Najeriya. Namiji ne, ya gaishe ni da ladabi, ya ce shi ɗan tsohuwar nan ne mai man gujiya da ƙuli ta bayan kasuwa, yana Legas, kayan babur yake sayarwa.

"Madam, akwai yaron nan da ke wurin Inna. So nake ki koya mishi Ingilishi. In ya iya zan sa shi makaranta a nan. Ba na so ya zo a mayar da shi aji ɗaya cikin ƙananan yara."

"Ɗanka ne?"

Ya yi ɗan tari. "Yana dai wurin Inna."

Daga nan na gane ɗan fari ne. Ba zai ce ɗana ba, ba zai kama sunansa ba, balle ma yaron sunan kakansa marigayi ya ci. Na kuma gane sauran zancen. Tun da aka yaye yaron aka kai wa tsohuwa, kuma a wurinmu mutum ba ya buɗe baki ya ce wa mahaifiyarsa ba ni ɗana. Ba a yi. Amma in aka ce karatu ne, ita ma ba ta da bakin hanawa. Ingilishi shi ne hanyar da ya samu, ni kuma da allina aka za a bi.

Washegari sai ga su. Tsohuwa gajeruwa mai ƙarfin kafaɗa, tana ƙamshin ƙuli, da ƙwaryar gujiya a ka. Yaron yana bayanta riƙe da ardwazi, ɗan allonsa na rubutu, siriri, mai manyan kunnuwa, aji huɗu yake.

"Ke ce mai yaren Legas ɗin?" in ji ta. "To ga maigidana. An ce in kawo, na kawo. Amma kada ki buge mani shi, kansa bai son duka."

"Inna, ni ba na duka."

"Kowa haka yake cewa."

Ba ta tafi ba. Ta janyo turmina ta kwantar ta zauna a kai, ta shiga ɓarar gujiya. Haka ta yi ranar, haka ta yi kowace ranar kur daga nan. Ba ta taɓa kiran sunan yaron ba tun da sunan mijinta ne, sai maigida, sai angona, in kuma ya ɓata mata rai sai malalacin miji marar cefane. Shi ma ba ya raga mata. Zai ce ya sake ta tun da haƙoranta sun zube, ta ce dama ta gaji da aure da kunnuwa.

Kai, yaron nan ya iya ɗauka. A shekarun da na yi ina wannan wahala ban ga kamarsa ba. Sau ɗaya zan faɗi kalma ya cafe. Yaran ɗan duwan da suka riga shi farawa sai ga su suna leƙen ardwazinsa. Kuma ba na ɓoyewa, na ji daɗi. Mutum ya daɗe yana zuba ruwa a yashi, ranar da ya ga wuri ya jiƙe dole ya ji sanyi a ransa.

Da tsohuwa ta lura, sai ta fara nata aikin. Ina tsakiyar bayani za ta ce, "Maigida, tashi ka dubo ko na rufe ɗaki." Ya dawo, ta ce ta manta ko ta ɗaure akuya. Wata rana ta ɗura mishi hura mai tsami cikin zafin nan kafin su fito, ya zo yana gyangyaɗi a kan tabarma. Wata rana ta ce shina da ciwon kai, alhali na hango shi yana bin taya a bakin titi. Ni kuwa fushina ba ya nisa. Ranar da ta aike shi karo na ba adadi, na ajiye alli na sallami sauran yara, na tsaya a kanta.

"Inna, ki gaya mini gaskiya. Kina so ya koya ko ba ki so? Na gaji. Wallahi na gaji. Ba ni da ƙarfin da zan koyar da yaro kuma in yi kokawa da kakarsa."

Ta ci gaba da ɓara, ba ta ɗago ba.

"Ni ina ruwana da so? Wancan na Legas ya ce a kawo."

"Ba shi na tambaya ba."

Ta watsa ɓawo gefe. "Ɗiyata, tun bai da haƙoran kirki aka aza mani shi a baya. Ni na yi jinyar ƙyandarsa, ni na kai shi kaciya. Gidan nan daga ni sai shi sai awaki. In ya tahi, da wa zan yi faɗa? Wa zai ce mani tuwona ya yi gishiri? Ba ni so ya tahi. Kin ji ko? Ba ni so."

Na shiga ɗaki na ɗebo mata ruwa, ta sha, ta ce randata ba ta sanyi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, wannan tsohuwar da ke hana shi karatu ita ce ta cika gari da labarinsa. A wurin injin niƙa sai ta tsayar da shi gaban mata ta ce ya ƙirga masu da yaren Legas. A kasuwa in mai sayen mai ya tsaya, sai ta ce, "Maigida, gaya mishi sunan kwalba." Matar ɗan duwan har ta zo ta yi mini ƙorafi, wai me ya sa jikan mai ƙuli ya fi nata, ko ina ware shi ne. Na ce ta je ta tambayi nata abin da suke yi da dare in ba kallon tele ba.

Da kaka ta yi, Inna ta kwashe shi suka tafi Hawan Dawaki roron wake a gonar ƙanenta. Ta ce kwana kaɗan za su yi, suka share kusan wata, har daraktan lakwal ɗinsu ya aika. Na san lissafinta, so take ya manta. Ya dawo ya yi baƙi ya rame, ya zauna a tabarma ya zazzage mini duk abin da na koya mishi, babu abin da ya zube. Har ya zo da tambayoyi. Yaya ake ce wa rumbu? Yaya ake ce wa amalanke? Na rumbu ni kaina sai da na yi tunani. Inna tana kan turmi tana jinmu, ta ja tsaki, amma na ga bakinta yana motsi kamar mai danne dariya.

Uwar yaron ma ta taɓa kirana, sau ɗaya. Ta gaishe ni, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, ta tambayi Inna da awakinta, ta tambayi mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Ina jira ta zo kan ɗanta, ba ta zo ba. Da za ta kashe sai ta ce a hankali, "Ana dai cin abinci ko?" Na ce ana ci, an kuma yi tsawo. Na ji ta ja numfashi, sai layi ya yanke. Ranar na kwana da haushin kowa, har da kaina. Da ma a ce akwai mugu a cikinsu da na san wanda zan tsana.

Shi yaron ba wanda ya zaunar da shi ya yi mishi bayani, amma yara ba wawaye ba ne. Wata Laraba yana goge mini tabulo, Inna ta zagaya bayan gida, sai ya ce, "Madam, in na iya, tafiya za a yi da ni?"

"Haka babanka ya ce."

"In ban iya ba fa?"

"To ai ka iya."

Ya gama gogewa ya kakkaɓe tsumman.

Ana kusa da bakansi, babban hutun lakwal, uban ya kira ya ce ranar Lahadi bayan la'asar zai gwada yaron da kansa. Ban gaya wa kowa ba, amma Inna ta gaya wa duniya. Lahadi na zuwa tsakar gidana ya cika. Ga yaran kur, ga matar ɗan duwan da ta ce wai wucewa take, ga maƙwabtana biyu da kitsonsu a kwance rabi. Inna ta sa sabon zane. Yaron yana durƙushe gefenta, ya sunkuyar da kai.

Salula ta yi ƙara, na buɗe murya yadda kowa zai ji. Uban ya gaida mahaifiyarsa, ya gaishe ni, sannan ya juya harshe. Ingilishinsa na kasuwa ne, ya karye nan ya ɗaure can, amma ana ganewa. Ya gaida yaron.

Shiru.

Ya sake. Ya ce ya ƙirga mishi zuwa goma. Yaron da ke ƙirga ɗari yana tsalle da ƙafa ɗaya, ya zuba wa ƙasa ido yana zane da tsinke. Uban ya tambaye shi me ya ci yau. Ko motsi. Uban ya ce, "Madam, ko layin ne?" Na ce layi lafiya lau.

Aikina ne ake zubarwa a gaban matar ɗan duwan, wadda ta riga ta fara murmushi. Kalma ɗaya zan faɗa, in ce ya iya, ƙi ya yi. Na dubi yaron, ya ɗago ya dube ni da idanun nan, na haɗiye maganata. Na ce a raina, a ce ban iya koyarwa ba, a kwashe yaran duka, dama hutu nake nema.

Uban ya koma Hausa. Muryarsa ta yi sanyi, ta mutumin da ya sa rai ya fitar.

"To shi ke nan. Ni dama na sani, kan yaron nan babu komai. Daƙiƙi ne. Madam, ki yi haƙuri, mun ɓata maki lokaci. Inna, ki riƙe abinki, ya taya ki kiwon awaki, iyakar abin da zai iya ke nan."

Ban ce da mugunta ya faɗa ba. Maza da yawa haka suke magana a kan ɗan fari, musamman gaban iyayensu, ba sa yabo, sai kushe, don kada a ce sun nuna so. Inna ta fi ni sanin haka, ita ta haife shi. Kuma ga shi ya faɗa da bakinsa, ki riƙe abinki. Abin da ta yi wata da watanni tana nema da hura da aike da roron wake, ga shi an miƙa mata. Abin da ya rage ta ce to, Allah shi yi albarka, a kashe salula.

Sai ƙaramin ɗan matar ɗan duwan ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Daƙiƙi!" Sauran yara suka ɗauka. Ɗaya daga cikin maƙwabtana ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Ashe duk cika baki ne."

Na ga tsohuwa ta miƙe. Ƙwaryar gujiya ta kife ba ta ko duba ba. Ta fizge salula daga hannuna ta kai bakinta kamar za ta cije ta.

"Wa kake ce ma daƙiƙi? Kai! Ni na raine shi! Kai da ka kai shekara bakwai ba ka san damanka da hagunka ba, kai ne za ka ce ma maigidana daƙiƙi a gaban mutane?"

"Inna, ba haka..."

"Rufe mani baki!" Ta juya kan yaron. "Tashi tsaye. Buɗe baki ka gaya mishi."

Yaron ya girgiza kai. Hawaye sun riga sun cika mishi ido. "Inna..."

"Na ce ka buɗe baki! Ina raye ba a yi maka dariya. Gaya mishi!"

Ya tashi. Ya fara da murya ƙasa-ƙasa, ya amsa gaisuwar, ya ƙirga goman. Inna ta ce, "Ƙara!" Ya faɗi abin da ya ci. "Ƙara!" Sai ya saki. Ya ba da labarin tafiyarsu Hawan Dawaki, yadda amalanke ta kafe a yashi, yadda jakin ya ƙi tashi sai da aka sauke buhuna, yadda kakarsa ta zagi jakin da mai jakin. Yana yi yana kuka, majina na zuba, kuma ko kalma ɗaya bai ɓata ba. Ni da na koya mishi ban san ya kai haka ba. Inna tana tsaye ta riƙe ƙugu tana bin fuskokin matan nan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta jin ko kalma, amma kanta a sama.

Yaron ya gama. Sannan uban ya ce, "To. Ba laifi." Ya yi gyaran murya. "Madam, Allah shi saka. In an yi bakansi zan turo ƙanena ya taho da shi."

A nan ne na ga abin ya iso mata. Hannunta ya sauka daga ƙugu. Ta miƙo mini salula, ta durƙusa ta shiga tsince gujiyarta daga cikin ƙasa ɗaya ɗaya. Matan suka zame suka fice. Yaron ya durƙusa yana taya ta. Da za su fita ta tsaya a bakin zaure, ba ta juyo ba, ta ce, "Kin dai ji shi ko?" Na ce na ji shi, Inna.

Bakansi na zuwa aka tafi da shi. An ce ita ta haɗa mishi kaya, ta cika leda da ƙuli, amma ba ta raka shi tasha ba, ta ce tana da suya. Ni ma ban je ba. Labarin ranar Lahadin nan ya zagaye gari, aka ƙara turo mini yara har tabarma ta yi kaɗan. Ban taɓa jin na tsani alli kamar wannan shekarar ba.

Bayan an koma lakwal, wata Asabar ina share ƙarƙashin bedi kafin yara su zo, sai ga ta. Ta faɗa, zanen ya yi mata yawa. Ta ciro salular maƙwabcinta daga ƙullin zane, ta ce an aiko da murya daga Legas tun shekaranjiya, sun saurara a gidan ba wanda ya gane.

Na kunna. Muryar uban ce ta fara, cike da fara'a: "Zo ka yi ma Inna Ingilishi ta ji." Ana jin ƙarar janareta da hon na motoci. Sannan yaron. Ina tsammanin zai ba da labarin makaranta ko na teku. A'a. Jimlolin nan ne da nake fara koya wa kowane yaro a makon farko, ya jero su yadda ya haddace, bai canza komai ba.

"Me ya ce?" in ji ta.

"Ya faɗi sunansa. Ya faɗi shekarunsa."

"Sai me?"

Na so in tsaya nan. Ta tsare ni da ido.

"Ya ce, ina zaune a Tasawa tare da kakata."

Ta dubi salular, ta dube ni.

"Haka ya ce? A gaban uban?"

"Haka ya ce, Inna."

Ta nemi turmi ta zauna. Yara sun fara shigowa da ardwazinsu, na yi masu hannu su zauna su yi shiru.

"Ɗiyata," ta ce, "a cikin maganar nan, wace ce ni? Nuna mani daidai wurin."

Na sake kunnawa. Da ya zo kan kalmar na ɗaga yatsa. Ta kawo kunnenta kusa, ta ce in sake.